Bakwai, Sha Ɗaya, Shiru

A Sharaɗa, bayan masaƙar da ta mutu,
akwai wani sito da ko ɓera ya yafe.
Nan muke haɗuwa daren Asabar.
Mun manna kwalin ƙwai a bango,
mun jingina katifa biyu a ƙofa,
kada ƙara ta fita ta kai mu ƙara.

Ba allon talla, ba sanarwa a rediyo.
Wanda ya sani ya sani.
Daren da muka fi cika na ƙirga kawuna:
ashirin da uku, har da maigadi
da ya shigo ya ce mu rage,
ya samu bulo ya zauna.

Karo-karo muke yi mu sayi fetur.
Lita huɗu, waƙa tara,
in janareta bai yi fushi ba.

Ebuka ke jan jita
da yatsun da suka wuni a cikin hanjin waya a Fam Senta.
Tasi'u na rungume da bes,
tsirkiyarsa ta huɗu wayar birki ce.
Murja ce maƙogwaronmu.
Da rana tana kemis, murya ƙasa-ƙasa:
ɗaya da safe, ɗaya bayan abinci.
Da dare in ta buɗe baki
sai ka ce langa-langa ake ja a kan kwalta.
Ni ne a bayan ganguna.

An ce kiɗanmu ba ya rawuwa.
Ban musa ba.
Bakwai muke bugawa, mu faɗa sha ɗaya,
mu yanke a biyar,
sai shiru,
wanda ya fi duka wuyar bugawa.
Ka ɗaga ƙafa kana neman wurin sauka,
mu kuwa mun riga mun janye ƙasar.
Yara na karo da juna kamar raguna a bayan akori-kura,
amma in ɗaya ya faɗi
hannu goma ke ɗaga shi.

Ebuka ya ce a intanet ya koyi wannan lissafi.
Ni a rumfar babana na tsince shi.
Shekara talatin yana bugun shadda,
shi da Malam Ɗanjummai, gwiwa da gwiwa,
gungume ɗaya a tsakani.
In kafaɗar ɗaya ta gaji, bugunsa ya zame da rabi,
ɗayan ya cike gurbin ba tare da ya ɗaga kai ba.
A wannan zamewar na yi wayo.

Wani dare ya biyo ni.
An gaya masa ɗansa ya shiga shaye-shaye.
Ban gan shi ba sai a waƙa ta shida,
tsaye jikin katifa, hula a karkace,
fuskarsa ba yabo ba fallasa.
Nan janareta ya yi tari ya mutu.
Jita ta ɗauke. Bes ya ɗauke.
Duhu, da warin zufa, da ni.
Ban tsaya ba.
Murja ta ci gaba da tsage muryarta ba lasifika,
fitilun waya suka tashi ɗaya-ɗaya,
sai na ji wani na dukan ƙofar ƙarfe da tafin hannu,
yana shiga daidai inda nake barin rami.
Ba wanda ya taɓa gane ramin nan.

A hanyar gida, cikin adaidaita,
bai ce uffan ba har Ɗan'agundi.
Kunnuwana na ta kukan gyare.
Can ya ce, yana kallon titi:
"Wannan ba kiɗa ba ne."
Muka wuce fitila biyu.
"Kuma hagunka malalaciya ce.
Kana riga na tara sauka.
Gobe bayan asuba ka zo rumfa,
Ɗanjummai na fama da kafaɗa."