Wankan Magariba a Geben Zogi

Nomau, miƙo ƙafar nan.
Da hantsi na sake ka fes,
ka dawo mini da rabin Tawa a wuyan riga.

Wannan na gwiwa, katangar Malam Tankari ce,
na san aikinta.
Na haɓa fa?
Ka ce balo. Balo ba ta da haƙora.
Laka a bayan kunne ta tona asirinka:
ka je Babaye.

Ruwan bokiti ya koma jan kunu.
Soso ya ɓamɓare ɓawon jiya,
ka cije leɓe, don Zali na kallo.

Na hura, na shafa man kaɗe.
Dubi ƙaurina, ga nawa tabon.
Katangar nan dai ce.
Ni ma kakarka ta hana ni.