Mai Ɗauko Cokali

Kwana uku ruwa na zuba a Bergen bai gaji ba.
Ni da ɗana Torvald muka faɗa kantin kayan jarirai
can bayan kasuwar kifi,
lemarmu na ɗiga a bakin ƙofa kamar kare ya jiƙe.

Takarda ce a hannunsa, rubutun matarsa Ingunn:
kujerar tsalle ɗaya, mara ƙara,
sai littattafan masu kaifin ƙwaƙwalwa,
irin waɗanda suka auna taurari tun gemu bai fito musu ba.

Na ce, Torvald, watan yaron nan shida.
Haƙori ɗaya ne a bakinsa, shi ma leƙe yake yi.
Ya ce, Mama, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Na haɗiye amsata.
Wannan da ke min karin magana,
sai da ya shekara uku yana cin yashin bakin teku.

Ga kujeru jere kamar kwale-kwale a tasha:
wata da madubi, wata da kifin roba mai ƙararrawa a ciki,
wata da ka taɓa ta sai ta ɓarke da kiɗa,
kiɗan da zai sa maƙwabci ya tashi daga unguwa.
Mai tsaron kantin, 'yar budurwa da zobe a hanci,
ta ja igiyar roba, ta sake, ta ce kilo sha biyu take ɗauka.
Ban saurare ta ba. Farce na sa na bi ɗinkin.
Shekara talatin da ɗaya ina wanke kwalaben gwaji
a ɗakin binciken ruwan teku.
Na san inda abu yake fara tsinkewa.

Muka ɗauki shuɗiya.

Kantin littattafai yana tsallaken titi.
A bangon kowane littafi fuska ce mai tabarau,
ba mai murmushi ko ɗaya.
Na buɗe mafi kauri, na bi shafi-shafi da yatsa
ina neman wadda ta dafa musu dankali,
wadda ta share alli, ta kashe fitila, ta rufe taga.
Babu.
Torvald ya biya kuɗin uku, ya cusa su cikin rigar ruwa
kamar mai ɓoye ƙwai.

A gida aka ɗaura kujera, ƙusa ɗaya ta yi saura,
aka zura Eskil a ciki.
Ƙafafunsa na lilo a iska, ƙasa ta yi masa nisa da yatsa biyu.
Ya ɓata fuska.
Ingunn ta waiga neman matashi, ba ta gani ba,
ni kuwa na jawo littafin nan mai kauri
na tura shi ƙarƙashin 'yan tafin ƙafarsa.

Ya taka. Ya dogara. Ya yi sama!
Ya dawo da ido waje, baki buɗe,
yawu na zuba a kan tabaran malamin.
Ya sake takawa don ya ga ko ƙarya ne.
Ba ƙarya ba ne.

Sai cokalinsa ya suɓuce, ƙwal, a kan katako.
Ya leƙa. Na ɗauko. Ya sake shi.
Ya leƙa. Na ɗauko.
Sau goma sha bakwai, Torvald ne ya ƙirga,
kuma ko sau ɗaya cokalin bai yi sama ba.
Na ga masu farar riga suna irin wannan har shekara biyar,
su rubuta, a tafa musu.

Yanzu dare ya yi, ya yi barci da zufa a ƙeya.
Littattafai biyu na kan kanta, ledarsu ba a cire ba.
Gwiwata na ciwo.
Na wanke cokalin, na goge, na kife shi kusa da kujera,
don gobe da safe malam zai koma aiki,
kuma dole a sami mai sunkuyawa.