Dakashin Aro

Kwana uku Hurde na ɗigar da nono a turke
tun ba ta haihu ba.
Na ga ya bushe mata fari-fari a ƙafafun baya,
ƙudaje na biki a kai,
na ce albarka ce ta yi yawa.
Ashe gadon ɗanta ne ƙasa ke shanyewa.

Bara ma haka aka yi.
Dukusa ce mai farin goshi,
kwana tara tana tsalle bayan rumbu,
ran na goma gwiwa ta kumbura kamar ɗan tulu,
cibiya na wari.
A amalanke muka fitar da ita.

Wannan ya faɗo da asalatu,
gulbin Maradi na ruri bayan lambuna.
Jiƙe sharaf, ƙafafu kamar karan gero,
ya miƙe, ya faɗi, ya sake miƙewa,
ya kama mama ya tsotsi
nono tsinkakke kamar tsala.

Malama Cima ta iso daga Ali Ɗan Sofo,
laka har idon sawu,
akwatin ƙanƙara ɗaure bayan moto.
Ta ɗiga nonon a akaifa, ya zarce bai tsaya ba.
Ta ce, "Baba Labo, na kirki danƙo gare shi.
Dukushi gari ne da ba ganuwa,
dakashi ke gina masa ita,
kuma kafin gobe war haka hanji ya rufe ƙofa."

Na nuna kwalbarta: wannan fa?
"Wannan ba ganuwa ba ce.
Akwai mai gadi yana barci cikin jininsa,
allurar taɓa shi take:
tashi, ana motsi a zaure.
Amma mai gadi hannu rabbana, me zai kora?
Nemo min goɗiyar da ta haihu daren jiya."

Duk Sumarana goɗiya ɗaya ce ta haihu,
ta Nomau,
wanda shekara huɗu ko gaisuwa ba ta haɗa mu
saboda taku uku na iyakar gona
da wani gawo da bai ma san ana yi ba.

Na ɗauki ƙwarya.
Gidansa bai fi jifa ba,
na ji shi kamar tafiya Dakoro a ƙasa.
Ya dubi ƙwaryar, bai dube ni ba.
"Nawa ma na da baki. Rabi zan ba ka."
Ya tsuguna da kansa ya tatsa,
rawaya, mai kauri, yana kama yatsa.
Ko sai an jima bai ce min ba.

Cima ta ɗura masa kaɗan-kaɗan,
ta tsoma cibiya cikin jan magani,
sannan allura.
Ya zabura, Hurde ta kwantar da kunne.
Jikka shida, kuɗin albasar da na ɓoye wa Salla.
Ta ce, "Ban yi maka alkawari ba.
Share turke, sauya shimfiɗa,
taɓa gwiwoyinsa safe da yamma.
In ka ji zafi, kira ni ko da tsakar dare."

Kwana tara na ƙirga da tsakuwa a aljihu.
Ran na goma na kasa fita ɗaki,
sai ga jikata Barira ta leƙo:
"Kaka, ya tattake maka zogale!"

Yau wata biyu.
Ban sani ba ko allurar ce,
ko rabin ƙwaryar nan,
ko dai kwanansa ne ke gaba.
Na dai san jiya ya kufce,
ya tsallake taku ukun nan ko a jikinsa,
ya tsaya gindin gawon da damina ta tuɓe
yana shinshinar ɗan'uwansa na shan nono.
Nomau na can gefe, hauya a kafaɗa,
ya daɗe yana yi kamar bai gani ba.