Rafin Hankaka

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu
a kan keke, cikin ruwan arewacin Ingila da ba ya gajiya,
ban taɓa miƙa wa kowa ambulan mai sunana ba
sai ni kaina.
Ravensike.
A asibiti sai na faɗa sau uku,
in jera haruffan ɗaya-ɗaya kamar mai ƙirga canji.

Kakana Enoch ya ce rafi ne.
Wani siririn ruwa a bayan tudu
da tunkiya ke tsallakewa ba ta jiƙa kofato ba,
hankaki na sauka su sha.
Makiyayi ya gina ɗakin dutse a gefensa.
Mai karɓar haraji ya zo, ya tarar da Thomas shida a ƙauye ɗaya,
ya tsoma alƙalami ya rubuta: Thomas na Rafin Hankaka.
Haraji ne ya raɗa mana suna,
ba rago, ba taro.

Daga nan sai littafin coci.
Limamin da kunnensa ya yi nauyi ya sauya harafi,
wanda sanyi ya kama wa yatsu ya zubar da na ƙarshe,
wani ya haɗiye tsakiyar dungum.
Na ga wani shafi da idona:
Dorcas Rav,
sauran yana cikin ɓera.

Da kiwo ya daina ciyar da gida, aka bi hayaƙi.
Uku suka gangara masaƙun Bradford,
ƙurar ulu ta cika musu ƙirji.
Ɗaya ya hau jirgi a Liverpool,
a tashar Halifax magatakarda mai jin yunwa ya mai da shi Rensick,
bai yi musu ba, don bai san baƙi ba.
Ɗaya kuma ya ga Tasmania ba da son ransa ba.
Tumakin maƙwabci ne suka biyo shi gida, in ji shi.
Alƙali bai yi dariya ba.

Yaƙi ya ɗauki huɗu, suna jikin dutse a bakin kasuwa.
Sauran duk mata aka yi ta haifa,
aure ya tuɓe musu sunan a ƙofar coci.
Bara na ƙirga mu da fensir:
goma sha ɗaya, har da ni,
har da wani da ban tabbata yana numfashi ba.

Sai ga wasiƙa daga Hobart.
Lachlan Ravensike, mai kiwon zuma,
jikan jikan wanda tumaki suka biyo.
Ya ce mu tofa yawu a kwalba mu aika, a gwada.
Na tofa.
Mako bakwai, amsa ta zo:
ba abin da ya haɗa jinina da nasa.

Kwana biyu ban dafa komai ba.
Na uku na shiga bas zuwa ɗakin ajiyar takardu,
na sa farar safar hannu, na buɗe shekarar da aka haifi uban Enoch.
Layi ɗaya ne:
yaro, an tsince shi a rumbun ciyawa cikin ƙanƙara,
gwauruwa Tabitha Ravensike ta ɗauka.

Na yi dariya har mai gadi ya leƙo.
Hankaka, mai da ɗan wani naka!
Ashe tsuntsun bai bar halinsa a bakin ruwa ba.

Jiya na hau tudun da sanda.
Ɗakin dutsen ya zube, ƙaya ta gaje shi,
rafin na nan, bai fi faɗin tafina ba.
Na cika 'yar kwalba na liƙe bakinta da kyau.
A bayan kunshin na rubuta sunan sau biyu,
na mai aikawa, na mai karɓa,
yarinyar gidan waya ta duba, ta ce, "Ɗan'uwanki ne?"
Na ce ta auna, ta gaya mini kuɗin.