Hannun Aro

Ofishin masu buƙata ta musamman ya ba ni kujera
a ɗaki na bakwai, can ƙuryar Akoka,
inda fanka ke juyi kamar mai gyangyaɗi.

Aikina ɗaya: in zama hannun Tasalla.
Ita ta faɗa, ni in rubuta.
An ƙara mata minti arba'in,
ta ce ko rabin abin da danfo ya cinye mata
daga Agege bai kai ba.

Madam Oyelaran ta karanta tambayoyi sau biyu,
ta koma bakin ƙofa da agogonta.
Tasalla ta jingine farar sandarta,
ta shiga warware dokar filaye
zare bayan zare.

A tambaya ta uku ta faɗi wata shekara.
Na san ba ita ba ce.
Alƙalamina ya tsaya,
tsayuwar da ba ta kai numfashi guda ba.

Ta karkato kunne wajena.
"Na ji ka.
Hannu na ara, ban ari kai ba.
Rubuta."

Na rubuta kuskurenta
da mafi kyawun rubutuna.

Da muka fito, ruwan sama ya shanye hanya.
Ta kama gwiwar hannuna, muna tsallake kwata
ta ce, "Saba'in da takwas ce, ko?"
Ta yi dariya har mai gasa masara ta waigo.

"Bar shi.
Maki biyun nan nawa ne,
ni na zubar da abina."