Ƙarƙashin Benci

Shekara goma sha tara ina shara a Samaru,
ni Barau, mai tsintsiya da mabuɗin ɗakin zane.
Na san abin da ɗalibi ke bari a ƙarƙashin benci:
cingam, an tsotse zaƙinsa, an manna shi a ɓoye.
Da guntun langalanga nake kankare shi,
ina tsaki.

Wata Talata Lantana ta tare ni a bakin ƙofa,
hannunta duk fenti, ta miƙo gwangwanin madara.
"Baba, in ka kankare, zuba mini a nan."
Na ce, "'Yar nan, yawun mutane ne fa."
Ta ce, "Ai shi ya sa."

Gwangwani bakwai na tara mata.
Ta tafasa ruwa a risho, ta wanke, ta shanya a faranti,
ta zauna tana ware su kamar mai tsintar shinkafa:
masu ruwan hoda nan, masu kore-kore can,
sai tsofaffin da suka koma launin ƙasa.
Su ta fi so.

Gwajin farko ya ƙi.
Ta haɗa da ƙaro, ya tsattsage.
Ta haɗa da toka, ya zama gari.
Ta sa a firjin malaminsu, ya fito kamar tsakuwa,
ta buga da guduma, guda ya yi tsalle ya faɗa mini a shayi.
Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta rubuta a littafi.
Komai sai ta rubuta, har wanda ya lalace.

Daga baya ta gano ɗumin tafin hannu ya ishe shi.
Ta murza, ta ja, ya miƙe kamar taliya,
ta kwantar da shi a kan katako,
layi na lanƙwasa, yana kutsawa ƙarƙashin ɗan'uwansa.
Na tsaya da tsintsiya a hannu.
Na san wannan ƙulli.
Shi ne a goshin zaurenmu na Ƙofar Gayan,
wanda mahaifina ya ja da yatsa a ɗanyar ƙasa.
Ban ce mata komai ba.

Wasu ta bar su yadda na kankaro su.
"Duba, Baba, gurbin haƙori.
Wannan ya tauna da fushi, ƙila ranar jarrabawa.
Wannan bai gama shan zaƙin ba malam ya shigo.
Ga zanen babban yatsan da ya danna shi."
Ɗari huɗu da ɗoriya ta ƙirga,
kowa ya dangwala, ba wanda ya san ya sa hannu.

Ranar nuni rana ta buɗe, aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya.
Kafin azahar ƙullin ya fara saki,
yana gangarowa a hankali kamar kakin zuma.
Kiyashi suka jero daga taga.
Wani malami ya toshe hanci ya wuce,
wani ya durƙusa yana kallo har wandonsa ya yi datti.
Na ɗauko tsumma zan kai ɗauki,
Lantana ta riƙe tsumman.
"Bar shi, Baba. Bai gama ba."

A nan na ba ta labarin zaure,
da damunar da ta lashe zanen a dare biyu.
Ta ce, "Ya yi baƙin ciki?"
Na ce, "Ya jira kaka, ya sake kwaɓa ƙasa."

Yanzu ta tafi bautar ƙasa, can wani gari mai nisa.
Katakon na nan bayan kabad, rabinsa ya zube.
Ni kuwa in na sunkuya ƙarƙashin benci
sai na ɗan daɗe kafin in sa ƙarfe.
Gwangwani na takwas ya kusa cika.
Ban san wa nake tara wa ba.