Hawa na Takwas, Hawa na Tara

Litinin, ƙarfe tara, lif ya sake lalacewa.
Na taka matakala ɗari da ashirin da shida
da fayil biyu a hammata,
iskar kogin Humber na bi na ta tsagar taga.

Ni ce jami'ar gidajen hukuma a wannan yanki na Hull.
Haya ɗaya suke biyan mu, gini ɗaya muka ba su,
daɓen wani shi ne rufin wani.

Doreen Pickersgill, saba'in da tara,
ta buɗe ƙofa, sarƙa na maƙale.
Ta miƙo littafin da muka ba ta tun farkon sanyi,
rubutu siriri kamar sawun tururuwa:
Laraba, biyu da kwata na dare, kiɗa.
Alhamis, uku saura, an ja kujera, wani abu ya fashe.
Juma'a, kare.
Asabar, kuka,
ba ta tabbata ko na karen ba ne.

"Shekara arba'in ina nan," in ji ta,
"a ɗakin can mijina ya cika.
Ban ce a jefa yaron titi ba.
Barci nake so."
Ƙasan idonta ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

Na ƙara hawa ɗaya.
Declan Ombler, ashirin da biyu,
wasiƙunmu uku na kwance bakin ƙofa, ko ɓarewa bai yi ba.
Ta fari lallashi ce,
ta biyu gyara kayanka,
ta uku mun ja jan layi ƙarƙashin kalmar kotu.

Ɗakin ba shimfiɗa, siminti tsirara.
Cokali in ya faɗi a nan, tsawa ce a ƙasa.
Katifa, rediyo, kare mai ƙafa uku da rabi.
Daga gidan renon hukuma aka sallamo shi
da makulli da leda biyu.
Ya ce shiru cizonsa yake in dare ya raba.
Ya ce masu buga ƙofa ƙarfe biyu ba baƙinsa ba ne,
in hannunsa bai buɗe ba, ƙafarsu za ta buɗe.
Bai dube ni ba. Kunnen karen yake murzawa.

A ofis shugabana ya nuna kalanda da biro:
a rufe fayil kafin wata ya mutu.
Doka ta ba ni sanda, na sani,
ta ba ni rikoda, da takardar alkawari, da hanyar alƙali.
Amma in na kore shi, ina zai faɗa?
Wani bene, saman kan wata tsohuwa,
fayil ya sauya lamba, ƙarar ba ta sauya ba.
In kuma na ƙyale, wa zai biya Doreen darenta?

Na sa ya sa hannu: ba kiɗa bayan sha ɗaya.
Na kai sunan masu buga ƙofa gun 'yan sanda,
aka sake masa kuba.
Wata coci ta ba da tsohon kafet mai warin ruwan sama,
ni da shi muka ja shi hawa tara,
muna hutawa muna zagin lif.

Yau na karɓo sabon shafi.
Talata, shiru.
Laraba, shiru.
Alhamis, shirun ya yi yawa, na hau na ƙwanƙwasa,
yana nan, mura ce, na bar masa miya.
Asabar, ɗaya da rabi, kiɗa,
ta ja layi biyu har biro ya huda takarda.

Fam ɗinmu yana da gurbin ƙara, da gurbin barazana,
da gurbin ɓarnar dukiya.
Na juya shi gaba da baya,
ban ga inda ake rubuta miya ba.

Fayil na buɗe.
Wata ya mutu jiya.